Ɗaki Na Shida Ba Ya Kuka

Shekara ashirin da biyu na yi ina aiki a gidan jarirai na gwamnati a nan Braila, kuma ku tambayi duk wanda ya san wurin, zai gaya muku ɗakina, ni Tudora, ya fi kowane ɗaki shiru. Ɗaki na shida ne, a hawa na biyu. Gadajen ƙarfe ashirin da huɗu, farare tas, ni kaɗai a kansu tun safe har la'asar. Ƙarfe bakwai in bi layi in canza musu tsumma, ƙarfe takwas in jingina wa kowa kwalbar madararsa a jikin matashi, in na kai ƙarshen layi in juyo in kwashe kwalabe. Doka ɗaya aka koya mini ranar da na fara, ni ma ita na koya wa duk wadda ta zo bayana: kada ki ɗauki yaro don ya yi kuka, zai saba da hannu. Sabon jariri yakan yi wata biyu yana tsala ihu, mai taurin kai ya kai uku, daga nan sai ya yi tsit. Mu kuwa mu ce ya yi hankali. Har takardar yabo aka ba ni, da hatimi da sa hannu, mijina Mitru ya sa mata gilashi ya rataye ta a falo kusa da hoton aurenmu.

A shekarar dubu biyu aka fara rage ma'aikata, sunana kuwa yana sahun gaba. Na zauna a gida wata huɗu, ni da Mitru muna kallon juna muna faɗa a kan gishirin miya. Shi ya riga ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, inda ya ƙare rayuwarsa a kan injin ɗaga kaya har kunnensa na hagu ya mutu. Ɗanmu tilo ya tafi Italiya aikin gini, ɗakinsa ba kowa. Ana haka sai ga wata likita ta hawo mana bene hawa huɗu a guje, ko haki ba ta yi. Sunanta Likita Olaru, yarinya ce da ba ta wuce talatin ba, aski irin na maza, takalmin gudu a ƙafa. Ta ce an fito da sabon tsari, ana ba mata yara daga gidan jarirai su riƙe a gidajensu, kuma ita yarinya ɗaya take nema wa gida cikin gaggawa.

Tana faɗin sunan na gane ta. Kiva, gado na tara, kusa da taga. An tsince ta a asibiti ranar Waliyiya Paraskiva, shi ya sa aka sa mata sunan. Tana da mako biyu aka kawo ta ɗakina, kuma ita ce ta fi ba ni wahala, wata uku cur ta yi tana kuka kafin ta haƙura. Yanzu shekararta biyu da wata ɗaya, ba ta tafiya, ba ta magana. Shugaban gidan ya riga ya sa sunanta cikin waɗanda za a tura gidan ƙauye, na yaran da aka rubuta wa cewa ba sa gyaruwa. Na san gidan nan. Sau biyu na raka yara can a motar gwamnati, kuma ban taɓa jin wanda ya shiga ya fito da ƙafarsa ba. Likitar ta roƙi wata shida aka ba ta. A watan Mayu kwamiti zai zauna ya duba yarinyar: in ta ci gaba ta zauna a wurina, in ba haka ba, sai ƙauye.

Na ce a kawo ta. Me zai gagare ni, ni da na yi renon yara fiye da yawan gashin kan likitar?

Kai, ranar da aka kawo ta sai ka ce biki a benenmu! Safta maƙwabciyata, wadda ba abin da ke shiga benen nan ba ta ƙirga shi ba, ita ta fara shigowa. Ta tofa ɗan yawu gefe sau uku saboda kambun baka, ta ɗaura mata jan zare a hannu. Kiva ta miƙa mata hannu biyu. Mai kawo wasiƙa ya leƙo, shi ma ta miƙa masa. Duk wanda ya shigo nata ne, in ya ajiye ta ya tafi ko waiwaye ba ta yi. Safta ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai son mutane irinta ba. Idan ba kowa kuwa, sai ta kama ƙarfen gado ta yi ta rangaji gaba da baya, gaba da baya, ko ta ɗaga yatsunta a gaban fuska ta zuba musu ido sa'a guda. Ni wannan bai dame ni ba, duk yaran ɗaki na shida haka suke yi.

A mako na biyu ta zame ta buga goshi a ƙarfen ɗumama ɗaki. Jini har kan riga, amma ko uffan. Na wanke, na manna filasta, na je layin burodi ina ba mata labari da alfahari. Da likitar ta zo ma na gaya mata, ina jiran yabo. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta zaro tef irin na tela daga aljihu ta auna kan yarinyar, ta rubuta, ta nuna mini a takarda inda ya kamata kan ɗan shekara biyu ya kai da inda na Kiva ya tsaya, can ƙasa. Na ce ai madarar gidan ce, ruwa ta fi yawa. Ta ce da madarar, amma ba ita kaɗai ba.

Ta zaunar da ni a kicin ɗina ta yi mini karatu. Wai ƙwaƙwalwar yaro ba a gama gina ta a ciki, a waje ake ƙarasawa, kuma da kira da amsa ake ginin. Yaro ya yi ƙara wani ya juyo, ya miƙa hannu wani ya kama, ya yi kuka wani ya zo. Kowace amsa tana tattake wata hanya a cikin kansa, kamar yadda ƙafa ke fitar da hanya a cikin ciyawa, wadda ba a bi ba kuwa ciyawa ta rufe ta. Ta ce shekara biyun farko su ne lokacin ginin nan, mun riga mun makara, amma ba a gama rufe ƙofar ba. Aikina ɗaya ne: duk ƙarar da Kiva ta yi, ko tari ne, in amsa mata. In ɗauke ta, in yi mata hira, in kalle ta cikin ido.

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ji 'yar nan, lokacin da na fara wanke tsumman jarirai ita ko firamare ba ta gama ba.

Mitru ne ya ɗauki abin da gaske, shi da ba a ma yi maganar da shi ba. Dama mutum ne da ya rasa mai sauraro, ni na daina jin labarinsa na ƙwallo tun kafin ɗanmu ya shiga makaranta. Sai ya ɗora Kiva a kan teburin kicin yana gyaran kifin da ya kamo a kogi, yana ba ta labarin wasan Lahadi. Ita tana can tana kallon yatsunta. Rannan ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro, wallahi ni na ɗauka gyatsa ce. Tsohon nan ya ajiye wuƙa ya kawo mata kunnensa mai ji.

"Yauwa, 'yar gari. Abin da nake faɗa ke nan tun jiya. Alƙalin wasan nan ɓarawo ne."

Ta sake yin ƙarar. Ya sake amsawa. Na ce masa tsoho, ka haukace ne, da jaririya kake musu? Ya ce ta fi ni fahimtar ƙwallo, in kama gabana.

To ni kuma ba a barina a baya. Na fara yi mata hira ina tuƙa mamaliga, tuwon masarar nan namu, ina gaya mata halin Mitru tun daga ranar da ya zo neman aurena da aron takalmi. Daga nan abubuwa suka fara zuwa har ba na iya biye musu. Bayan Kirsimeti ta kalli Mitru cikin ido, ba ta kawar da kai ba, ya fito baranda yana kirana kamar gobara ta tashi. Yarinyar da ba ta san tauna ba, wadda ke tsoron cokali, a watan Janairu ta damƙi mamaliga da cuku a kwanona ta cusa a baki. A Fabrairu ina goge daɓe ta kama sandar gogewa ta bi ni taku huɗu, na saki sandar don murna, muka zube tare. Likitar tana zuwa duk wata da tef ɗinta, a Maris ta auna sau biyu don ba ta yarda da na farko ba, sannan ta rungume ni har ta take mini ƙafa. Kalmar farko da ta fito daga bakin Kiva kuwa "Mitu" ce. Ni da ke wanke mata kashi, ni da ke dafawa. Kwana biyu ban yi wa tsohon nan magana ba, shi kuwa har ƙasa ya sauka yana gaya wa masu wasan dara.

A Afrilu aka tura likitar zuwa Bukares, babban birni, kwas na mako biyar, kuma a lokacin ne yarinya ta juye. Safta ta shigo kamar kullum ta miƙa hannu, Kiva ta zagaya bayana ta cukuikuye siket ɗina. In na shiga banɗaki tana bakin ƙofa tana duka. Ta fara jifa da cokali in abinci bai yi mata ba. Wata safiya na sauka zubar da shara, ina dawowa tun daga hawa na biyu na ji wata ƙara mai kaushi, siririya, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Kuka ne. Cikin mako guda muryar ta washe, ta zama ta gaske, har mutumin ƙasa ya fara buga mana bututun ɗumi da cokali. Mitru dariya yake yi, wai huhu gare ta irin na masu aikin tasha. Safta kuwa ta tsare ni a matakala ta ce, Tudora, an ba ki yarinya kamar mala'ika kin lalata ta, ke da kika fi kowa sanin aikin.

Maganar ta zauna mini, don gaskiyata ta faɗa. Kwana biyu bayan haka takarda ta zo: kwamiti ranar Litinin, sha huɗu ga Mayu, kuma shugabansa tsohon Likita Dobre ne. Na san shi tun zamanin da. Da hannuna na sha kai masa yara ranar tantancewa, na ga yadda yake yi. Yaron da ya zauna shiru ya bari aka duba shi yana da dama. Wanda ya yi ihu, ya ƙanƙame mai reno, ya kai cizo, kafin a gama lallashinsa an rubuta masa taɓin hankali. Na kalli Kiva tana birgima a ƙasa don na hana ta almakashi, na ce shi ke nan, da hannuna na tura ta ƙauye.

Ranar Talata Mitru ya tafi ƙauyensu taya ƙaninsa ɗaure inabi, kwana uku zai yi. Yana fita na ɗauki yarinya na sa ta a gado, na ja ƙofa, na kunna rediyo. Na san aikina. In ba ta abinci a kan lokaci, in canza mata, ba magana, ba ɗauka. Ranar farko ta yi ihu har muryarta ta dishe, tana kiran "Tuda, Tuda", sunan da ta sa mini ke nan. Ina zaune a kicin ina feren dankali har na yanke yatsa, ina gaya wa kaina don ita nake yi. Rana ta biyu kukan ya ragu. Rana ta uku gidan ya yi tsit. Safta ta shigo da yamma, yarinya ta miƙa mata hannu biyu kamar da. Safta ta ce ka ji gwanaye. Ni kuwa na ji daɗi, Allah ya yafe mini, daɗi na ji har cikin raina. Abin da ya ci mini wata uku a gado na tara na yi shi a kwana uku.

Ranar Juma'a da hantsi na ji gudu a matakala, na san takalman. Likitar ce, Mitru na biye da ita da jarkar giya a kafaɗa, a ƙofar bene suka haɗu. Tun ba ta zauna ba take zuba. Ashe Mitru ya buga mata waya Bukares tun makon jiya ya gaya mata Kiva ta fara kuka da ƙiwa, ita kuma ba ta tsaya ba sai da ta shawo kan kwamitin su yarda da wani gwaji. Za a ajiye yarinya a ɗaki da baƙuwa, ni in fita minti uku. Idan ta neme ni, ta yi kuka, kuma na dawo ta zo wurina ta huce, to wannan ita ce shaidar da ta fi tef da sikeli, domin yaron da ya san yana da wani nasa, kansa ya kama gini. Ta ce wannan kukan shi take jira tun watan Nuwamba. Tana faɗa tana dariya, ta tura ƙofar ɗakin.

Kiva tana tsaye riƙe da ƙarfen gado, gaba da baya, gaba da baya. Mitru ya kira ta, ba ta juyo ba.

Likitar ta juyo ta kalle ni ta ce, "Me kika yi mata, Tanti?"

Na ce, "Gyara ta na yi. Ta saba da hannu, na mayar da ita hankalinta."

Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a ƙasa, a kan daɓena, ta jingina da bango.

"Ba hankali ta yi ba, Tanti. Ta daina sa rai ne. Yaro ba ya daina kira sai ya tabbata ba mai zuwa."

Na buɗe baki zan kare kaina, sai gadajen nan suka zo mini a ido, layi biyu, farare, kowanne da mai rangaji a ciki. Na ce mata, to na ɗaki na shida fa, dukansu ke nan? Ta sunkuyar da kai tana naɗe tef ɗinta a yatsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoro, da haushin kaina. Mitru, wanda shekara talatin da ɗaya ba mu taɓa wuni ba mu yi cacar baki ba, bai ce mini komai ba. Ya shiga falo ya sauke takardar yabon nan ya tura ta bayan kabad. Da ya dawo abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗauke ta, tsohuwa."

Na tambayi likitar ko kwana uku za su isa. Ta ce ba ta sani ba. Hanyar da aka tattake wata shida ba ta ɓacewa a kwana uku, amma sabuwa ce, kuma yarinyar tana da dalilin ƙin yarda da ni.

Na ɗauke ta, ban kuma sake ajiye ta ba. Da ita na yi girki, da ita na yi shara, da ita na shiga banɗaki. Asabar na kai ta kasuwa a hannu ina nuna mata albasa da kaji, ina gaya mata farashin kowane abu da sunan kowace ɓarauniyar mai tebur. Na ba ta haƙuri ya fi sau ɗari, da babbar murya, a tsakiyar titi, mutane na kallona. Jikinta a sake yake kamar buhun gari, duk inda na juya ta nan take zama. Safta ta leƙo ta ce me kuma nake yi, na ce mata ta koma gidanta ta reni kyanwarta. Lahadi na tsaya da ita a coci tun farkon addu'a har ƙarshe, hannuna ya mutu, Mitru ya ce in ba shi na ƙi. Da la'asar muna zaune a baranda sai na ji 'yan yatsu sun kama maɓallin rigata suna murzawa. Ba ta kalle ni ba, kuma iyakar abin da muka samu ke nan.

Litinin muka shiga ɗakin kwamiti, mutum biyar a bayan dogon tebur mai koren mayafi, Likita Dobre a tsakiya, ya ƙara tsufa amma alƙalamin nan nasa yana nan. Ya gane ni, ya ce a'a, Tudora ta ɗaki na shida, ai an san aikinki. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Likita Olaru ta karanta awon kai da nauyi, ta ce yarinya tana tafiya, tana da kalma goma sha ɗaya. Ya ce to ta faɗi ɗaya mana. Kiva tana kallon yatsunta. Ya ɗan taɓe baki ya jawo fayil gabansa, ya ce a yi gwajin nan na zamani a gama, akwai yara tara a layi.

Aka shimfiɗa bargo a ƙasa da 'yan katakon wasa, sakatariyarsu ta zauna a kujera kusa. Na durƙusa na ajiye Kiva, na ce mata zan fita, ina nan bakin ƙofa. Na fita na ja ƙofar. Mitru yana baranda da agogonsa a tafin hannu.

Shiru. Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina neman shiru, ban taɓa jin abin da na tsana kamarsa ba. Mitru ya ce minti ɗaya. Na manna kunne a jikin ƙofa, ba na jin komai sai ƙarar takarda da tarin wani. Na roƙi waliyiyar da aka sa mata sunanta, na yi alkawarin kyandir mai tsawon hannuna, na ƙara na biyu. Mitru ya ce minti biyu. Na ce a raina shi ke nan, tana can tana rangaji, tsohon nan ya fara rubutu.

Sai na ji taku. Ƙanana, masu tangaɗi, suna nufo ni. Aka bugi ƙofar da tafin hannu, can ƙasa, daidai gwiwata. Aka sake bugawa. Sannan ta ɓare baki.

Jama'a, ihu! Ihun da ya sa masu jira a baranda suka miƙe tsaye, wata ma'aikaciya ta leƙo daga ofis da biro a baki. "Tuda! Tuda!" Mitru ya damƙe hannuna yana cewa saura daƙiƙa arba'in, tsohuwa, kada ki ɓata gwajin. Na ture shi ya kusa zama a kan wata mata. Na buɗe ƙofar a hankali don tana bayanta, na zube a gwiwa. Ta hau jikina kamar mai hawa bishiya, ta kai mini naushi a hanci, naushi na gaske har na ga wuta, sannan ta cusa fuska a wuyana ta riƙe kunnena gam. Ina jijjiga ta ina cewa ga ni, ga ni, na zo. Kukan ya sauka, ya koma shessheƙa, ya koma ajiyar zuciya. Can ta ɗago ta nuna wa Mitru katakon wasan da ke hannunta.

Likita Olaru tana tsaye tana nuna mu da hannu biyu, hawaye har haɓa. Da ƙyar ta ce su duba, ta neme ta, kuma ta huce a jikinta. Likita Dobre ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen mayafin tebur. Ya ce shekara talatin yana zama a kujerar nan, kuma ya san abin da yake rubuta wa yaron da ya yi haka. Ya mayar da tabaran, ya kalle ni da hancina mai jini.

"Taurin kai gare ta," in ji shi.

Na ce, "A gida ta gada, ranka ya daɗe."

Ya jawo jerin sunayen masu tafiya ƙauye ya ja layi a kan nata, a gabana, na ga tawadar da idona.

A bakin ƙofa likitar ta ja ni gefe ta ce kada in ɗauka an gama. Mai yiwuwa Kiva ta yi ta fama da karatu, mai yiwuwa rangajin nan ya riƙa dawowa duk lokacin da ta tsorata, akwai abin da aka rasa a shekara biyun nan da ba wanda zai iya yi mini alkawarin dawowarsa. Na ce na ji, kuma wannan karon na ji ɗin. Mitru kuwa ya riga ya yi gaba yana gaya wa mai gadi cewa 'yarsa ta ci jarrabawa.

A bas ta ga wani yaro da alewa ta ce sai an ba ta, aka hana, ta buɗe maƙogwaro. Wani dattijo mai hular fata ya juyo ya ce, baiwar Allah, ba za ki sa jikarki ta yi shiru ba? Na ce masa, malam, ka san wata nawa muka yi muna jiran wannan? In ya dame ka sauka ka taka. Mitru ya ƙyalƙyale da dariya har direba ya leƙo ta madubi, ni ma ina dariya, hancina yana zafi.

Bas ɗin ya karya kwana ya tsaya a tashar da na yi shekara ashirin da biyu ina sauka. Rana ta yi kyau, an buɗe duk tagogin gidan jarirai don iska ta shiga, har na hawa na biyu. Yara ɗari da hamsin ne a cikin ginin nan. Direba ya kashe inji yana jiran lokacinsa, na kasa kunne sosai, ban ji komai daga can ba. Kiva ce kaɗai ke kuka a duk titin, a jikina, tana jan kunnena.